Sawun da Ya Tsaya a Bakin Ƙofa

Idan mutum ya tabbata a ransa cewa abin da ake nema yana bayan wata ƙofa, shin tabbacin nan nasa ya isa ya zama makulli? Mabi-sawu ya tsufa a bakin ƙofofin mutane yana juya wannan tambaya, bai taɓa samun amsar da ta kwanta masa ba.

Da bin sawun dabbobin da suka ɓata ya fara, ya ƙare a bin na mutane. Ba ya sa kaki, amma idan abu ya shige wa 'yan sanda duhu sukan aika a kira shi. Kullum kansa a sunkuye yake, har ana cewa ya fi sanin dugadugan mutane a kan fuskokinsu. Shi a wurinsa ƙasa kamar mai barci ce da ke magana cikin mafarki: ba ta ƙarya, amma ba ta ƙarasa zance.

Ranar da abin ya faru, ruwa ya kwana yana zuba, bai ɗauke ba sai gab da wayewar gari. Unguwar ta tashi kamar wadda aka wanke aka shanya. Tururi na tashi a hankali daga lunguna, rufin kwano na ɗiga, kowane ɗan kududdufi ya ɗauki guntun sama ya riƙe. A wannan safiya ce Tela ya zo buɗe shagonsa ya tarar da kwaɗo a buɗe, an rataye shi a jikin ƙofa, teburin keken ɗinkinsa kuma ya zama rami. An ɗauke kan keken.

Kafin Kofur ɗan sanda ya iso da Mabi-sawu daga ɗaya gefen gari, rabin layin ya taru, an kuma riga an yanke hukunci.

"Da ba ku wahalar da dattijo ba," in ji mai shayin da ke gefen shagon, yana goge kofi. "Dogon-hannu ya dawo. An ga inuwarsa."

"Wa ya gani?" in ji Kofur.

"An dai ce."

"An-ce ɗin nan ya fi kowa ido a unguwar nan."

Dogon-hannu ɗan wata tsohuwa ne da ke zaune a tsakiyar layin. Ya sha shiga gidan yari yana fita, daga baya ya ɓace. Amma sunansa bai ɓace ba. Ko allura ce ta faɗi, da shi ake fara rantsuwa.

Mabi-sawu ya shiga shagon, ya tsaya yana dubawa. Ba a yanke bel ɗin keken ba, zare shi aka yi aka rataye a ƙusa. Almakashi yana wurin ajiyarsa. A gefen tebur ga wata riga a ninke, an daidaita kafaɗunta, an sa hannuwan a ciki.

"Haka ka bar rigar nan?"

"A ƙarƙashin allura na bar ta," in ji Tela. "Ban gama hannu ɗaya ba."

"To an cire ta, an yanke zaren, an ninke maka."

"Ɓarawo mai ladabi," in ji Kofur.

"Ni ladabinsa bai dame ni ba," in ji Tela. "Keken ubanmu ne. Da shi aka ciyar da mu. Ko ba haka ba, Yaya?"

Yayan nasa yana zaune a bencin mai shayi, ya riƙe kofi da hannu biyu bai sha ba. Shi ne babba a shagon a da, kafin idanunsa su fara hazo ya bar wa ƙanen ɗinkin. Ya gyaɗa kai kawai.

"Wa ke da makulli bayan kai?" in ji Kofur.

"Ba kowa. Sai dai mai gyaran keke ya taɓa riƙe shi kwanaki, lokacin da na yi tafiya."

* * *

Sawun bai ɓoye kansa ba. Takalmin roba ne irin wanda rabin gari ke sawa, taku gajere, ƙafar hagu ta fi nitsewa, alamar mai kaya a kafaɗar hagu. Mabi-sawu ya bi shi, jama'a suka biyo shi a baya kamar masu rakiya. Sawun ya bi ta gefen dama na layin, manne da bango, ya wuce shagon aski, ya wuce famfo, ya zo ya tsaya cak a gaban wata ƙofar ƙarfe wadda koren fentinta ya koɗe. Daga nan babu wani taku, gaba ko baya.

Ƙofar uwar Dogon-hannu ce.

"Gani ya kori ji," in ji mai shayi.

Mabi-sawu ya ari daro daga hannun wata mata da ta fito ɗiban ruwa, ya kife shi a kan takun ƙarshe don kada a tattake. Kofur ya buga ƙofar da tafin hannu.

"Wane ne?" in ji wata murya daga ciki, a hankali, kamar daga ƙasan rijiya.

"Hukuma ce. Buɗe."

"Hukumar ta zo da takarda?"

"Wace takarda?"

"Ka fi ni saninta, ɗana. Ta alƙali, mai hatimi. Turo ta ta ƙasan ƙofa. In na ga hatimin sai in buɗe."

"Iya, in ba ki da abin ɓoyewa, mene ne na rufe ƙofa?"

"Kai abin sata ka ɓoye da kake sa wando?"

Wasu suka ƙyalƙyale da dariya, suka kuma haɗiye ta da suka ga fuskar Tela.

"Ɗanki yana ciki?" in ji Kofur.

"Ko yana ciki ko ba ya ciki, gidana ne. Ba zan buɗe ba."

Tela ya matso har yana taka ƙafar Kofur. "Me kake jira? A kawo ƙarfe a ɓalle ta. Ƙofar uwar ɓarawo ta fi kekena daraja ne?"

Kofur ya cire hula ya share goshi. Mutum ne mai gajen haƙuri, amma ya taɓa tsayawa a gaban alƙali ya sha tambaya, bai manta ɗacin ba. "Ka saurara. Ina shiga gidan mutum in ya ce min shigo. Ina shiga in da idona na ga ɓarawo, na biyo shi a guje ya faɗa ciki. Ina shiga in na ji ihun wanda ransa ke cikin haɗari. Bayan wannan sai da takardar alƙali. In na shiga haka kawai, ko da keken na fito a kaina, gobe a kotu ni za a tsare, ba ɓarawon ba."

A daidai lokacin wani siririn kuka ya fito daga cikin gidan. Kofur ya karkata kunne, ya dubi Mabi-sawu ta wutsiyar ido.

"Kamar na ji kukan neman taimako."

"Kyanwa ce."

"Ka tabbata, Baba?"

"Ga sawunta can a kan katanga."

Kofur ya ja tsaki, ya ja shi gefe. "To mu je wurin alƙali yanzu. Ba ya sa hannu sai an rantse masa da dalili. Ka rantse sawu ya shiga gidan, kafin azahar mun dawo da takarda."

"Ba zan rantse ba."

"Saboda me?"

"Sawu ya kawo ni bakin ƙofa. Bai shigar da ni ba."

"To tashi sama ya yi?"

"Ban sani ba tukuna."

Tela ya ji su. "Da ma an ce in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu," in ji shi da ƙarfi don kowa ya ji. "To ku ji da kyau. In rana ta faɗi ba takarda, mu da kanmu za mu buɗe ƙofar nan. Mu ba kaki a jikinmu, balle a cire mana."

Kofur ya dubi yawan mutanen, ya dubi kansa shi kaɗai. 

Abin da ya dami Mabi-sawu, wanda bai faɗa wa kowa ba, shi ne shi ma ya yarda keken yana ciki. Zuciyarsa ta riga ta shige gidan ta ga keken a ƙarƙashin gado. Idonsa ne kawai ya tsaya a waje.

* * *

Kofur da Mabi-sawu suka fara bincike da mai gadin layin. Sun same shi a 'yar rumfarsa yana shanya bargo, ƙafafunsa cikin manyan takalman ruwa da sawunsu ya kusa ninka wanda ake nema.

"Ina kake lokacin da aka buɗe shagon?" in ji Kofur.

"Ina nan, ranka ya daɗe, ina gadi."

"Da ido biyu?"

Mai gadin ya sosa ƙeya. "Ruwa a kan kwano, ka san yadda yake yi wa mutum waƙa. Ido ɗaya ya ɗan tafi, ɗayan ya bi shi don ya dawo da shi."

"Suka haɗu a can suka zauna."

"Amma na ji wani abu," in ji mai gadin da sauri. "Da ruwan ya ɗauke, gari bai gama wayewa ba. Kamar ana shafa bango. Shuu, shuu, a hankali. Na ɗauka mafarki ne."

"Shi ne ma," in ji Kofur. Mabi-sawu dai ya ajiye maganar a ransa.

Shagon mai gyaran keke cike yake da matattun kawunan kekuna, an jera su a kanta kamar tsuntsayen ƙarfe masu barci. Wani abu na lulluɓe da buhu a lungu, Kofur ya kafa masa ido.

"Ka yarda in duba?"

"Duba mana. Shago ne, ba ɗakin kwanana ba."

Kofur ya yaye buhun. Kan keke ne, amma ja, ba irin na Tela ba, ba allura ba ƙoshiya, gizo-gizo ya yi gida a cikinsa.

"Ka taɓa riƙe makullin shagon Tela," in ji Kofur.

"Na riƙe na mayar. Kuma me zai sa in saci abin da yau za a kawo min har nan? Mun gama magana da shi. Zai ba ni tsohon, in ba shi mai lantarki. Tsohon kuma farfasa shi zan yi, kayan cikinsa nake so."

Mabi-sawu ya ɗago kai, abin da bai cika yi ba. "Wa ya san da wannan magana?"

"A bencin mai shayi muka yi ta shekaranjiya. Duk wanda ke zaune ya ji." Mai gyaran ya goge hannu da tsumma. "Ku dai duba hannuwan mutane. Keken nan ya tsufa, yana zubar da mai kamar mai mura. Duk wanda ya ɗauke shi sai ya shafa masa."

* * *

Da rana ta take, Kofur ya tafi caji ofis neman ƙarin mutane. Mabi-sawu ya koma koriyar ƙofar shi kaɗai, ya zauna a kan dakalin siminti da ya fara daga gefenta ya miƙe tare da bangon gidajen layin. Zafi ya kori kowa. Ƙasa na shan ruwanta a hankali. Ya jingina kai da bango, barci ya zo ya tsaya masa a gefen ido bai shigo ba, ya ga kamar duk sawayen da ya taɓa bi a duniya sun taso suna tafiya ba ƙafafu, kowanne ya je ya tsaya a bakin wata ƙofa yana jira.

"Mai daro," in ji muryar daga ciki. "Kana nan?"

"Ina nan, Iya."

"Na ji ka ƙi rantsuwa."

"Ban ga abin rantsewa ba."

"Amma ka zaci yana ciki."

"Na zata."

"Ka fi su gaskiya." Ya ji ta zauna ta jingina da ƙofar ta ciki, ƙarfen ya ɗan yi ƙara. "Ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa, na sani. Ban ce ɗana mutumin kirki ba ne. Amma wata shekara sun zo nemansa, ba takarda ba sallama, suka sa ƙarfe suka ɓalle ƙofar nan. Marigayi maigidana yana kwance ba lafiya, suka ɗauke shi da tabarmarsa suka ajiye a tsakar gida, suka farke katifar. Ba su sami ko tsinke ba. Ba wanda ya ce mana sannu. Maƙwabta suna tsaye suna leƙen tukwanena. Daga baya wata mata a kotu ta ce min ai ba su da ikon yin haka. Na ce ashe, da na sani."

"Allah ya ji ƙansa."

"Amin. Tun ranar ƙofar nan ke jan ƙafa, kamar ni."

Mabi-sawu ya buɗe ido.

Ya sauko daga dakalin ya durƙusa. Mariƙin ƙofar na ƙasa a lanƙwashe yake, kusurwarta ta ƙasa ta goge har ƙarfen na ƙyalli. Waje take buɗewa. Da safe ruwa ya kwanta a kewayen wurin ya ɓoye siffarsa, amma yanzu ƙasa ta tsotse, sai wani siririn kwari mai lanƙwasa da ya rage da ruwa a cikinsa, yana haske kamar jinjirin wata. Hanyar da ƙofar ke bi ce kullum in an buɗe ta. Daron da ya kife yana zaune a tsakiyar lanƙwasar.

Ya ɗaga daron. Takun ƙarshe yana nan lafiya lau a kan hanyar ƙofar, har zanen ƙasan takalmin ana gani. Ba abin da ya bi ta kansa. Kuma mai tsayawa a nan, in za a buɗe masa, dole ya ja da baya. Babu takun ja da baya.

Ya mayar da daron, ya miƙe ya dubi bangon da ya jingina da shi. Sama kaɗan da inda kansa yake, ƙananan kiyashi sun yi layi a kan wani ɗan tabo mai duhu. Ya shinshina. Man keke ne. Gaba kaɗan ga wani, gaba ga wani, shafar yatsu huɗu a kan farar ƙasar bangon. Mutumin bai tashi sama ba. Dakali ya hau, inda siminti ba ya riƙe sawu, ya ci gaba yana lalubar bango da hannun dama.

Ya bi tabon har inda dakalin ya ƙare, a bakin wata tsohuwar ƙofar katako. Ba a ma rufe ta sosai ba. Daga ciki wani sauti ke fitowa, a hankali, kamar agogon da ke numfashi: ana juya keken ɗinki da hannu, allura na hawa da sauka.

Layin ba kowa. Yatsa ɗaya ya isa ya tura ƙofar. Shi ba ɗan sanda ba ne, ba alƙalin da zai tambaye shi. Tabbaci ya cika masa ƙirji har wuya. Sai ya tuna da safe ma haka ya cika masa ƙirji a gaban wata ƙofar, ɗanɗanonsu ɗaya, ba abin da ya bambanta na gaskiya da na ƙarya. Ya mayar da hannunsa aljihu, ya juya.

* * *

Da yamma hasken rana ya yi ja a kan rufin gidaje, jama'a suka sake taruwa a gaban koriyar ƙofar. Tela na riƙe da dogon ƙarfe. Kofur ya dawo shi kaɗai, ba takarda ba ƙarin mutane, ya tsaya ya ba ƙofar baya. Mai gadi da mai gyara suna gefe, kowa na hararar ɗan'uwansa. Yayan Tela ya iso a ƙarshe, a hankali, ta gefen bango, ya zauna a kan dakalin.

"Matsa, Kofur," in ji Tela.

"Ba inda zan matsa."

"Ku ba ni wuri kaɗan," in ji Mabi-sawu. Ya ɗaga daron, ya nuna musu takun da lanƙwasar da ke ƙarƙashinsa, ya yi musu bayani ba tare da ɗaga murya ba. "Da an buɗe ƙofar nan bayan an yi wannan taku, da ta share shi. Ba wanda ya shiga gidan nan da keke."

"In wani ya ɗaga ta daga ciki fa, yana buɗewa?" in ji mai shayi. "Ƙato kamar Dogon-hannu?"

"Ban taɓa ganin an buɗe ta ba, don haka ba zan rantse ba," in ji Mabi-sawu. "Amma ku dubi bango." Ya nuna tabon man. "Mai sawun nan bai taka tsakiyar hanya ko sau ɗaya ba. Takunsa gajere ne, yana lalubar bango, don duhun asuba ya fi masa duhu a kan namu. Bai fasa kwaɗo ba. Bai yanke bel ba. Ya tarar da rigar mutane a ƙarƙashin allura, hannunsa ya ƙi barinsa ya fizge ta, sai da ya yanke zare ya ninke. Ɓarawo ba ya haka. Wanda ya ƙare rayuwarsa a kan keke ne ke haka, ko bai so ba."

Ya juya ya nuna ƙarshen layin.

"Tabon ya kai ni wata ƙofa a ƙarshen dakalin nan. Ta katako. Can ma a waje na tsaya."

Kowa ya san ƙofar. Tsohon gidan su Tela ne, inda aka haife su, inda yayan ke zaune shi kaɗai. Kofur ya dubi Tela, ya miƙa hannu.

"Kawo ƙarfen. Mu je mu ɓalle ta."

Tela ya ja ƙarfen baya. "Wace ƙofar?"

"Wadda sawu ya kai. Ba kai ka ce ƙofa ba ta fi kekenka ba?"

"Gidan ubanmu ne. Hotunan mahaifiyarmu na ciki, da kayanta. Ba mai taɓa ƙofar nan sai..." Ya tsaya.

"Sai me?"

"Sai da takarda," in ji Tela, a ƙasan maƙoshi.

Mai gyara ya fashe da dariya, wasu suka taya shi, wasu suka sunkuyar da kai suna duban ƙafafunsu.

"Ba sai an kai ga alƙali ba," in ji yayan. Ya miƙe yana dafa bango, ya buɗe tafin hannunsa na dama. Mai ya shiga layukan fatar, sabulu bai fitar da shi ba. "Ni na ce ku shigo. Yana kan gadona. Makullina tun na Baba ne, ba wanda ya tuna ya karɓa, don ba wanda ya tuna ina nan." Ya juya wajen da ya ji muryar ƙanensa. "A gabana ka ce a farfasa shi, ƙanena. Ina zaune a benci kamar buhu. A kansa na koya maka zura zare, ƙafarka ba ta kai ƙasa ba. Ba ɗinki zan yi da shi ba, na san ba na gani. Ƙararsa kawai nake so in riƙa ji."

"Da ka faɗa min, Yaya."

"Da ka tambaye ni."

Kofur ya sa hularsa. "To mai kaya, sata ce ko gado ne ba a raba ba? In sata ce, mu tafi caji ofis."

Tela ya daɗe yana kallon ƙarfen da ke hannunsa kamar bai san yadda aka yi ya zo wurin ba. Ya jingina shi da bango, ya kama hannun yayansa, mai man, suka kama hanya. Jama'a suka watse da kaɗan-kaɗan. Ba wanda ya tsaya ya ce wa koriyar ƙofar sannu.

* * *

Mabi-sawu bai tafi ba. Ya tsaya riƙe da daron, yana kallon takun da rana ta fara busar da gefensa.

"Sun tafi?" in ji muryar.

"Sun tafi, Iya. An samu keken."

"Na ji. Da asuba ya tsaya a nan yana haki, ya jingina kafaɗarsa da ƙofata kafin ya hau dakali. Na san numfashinsa. Shi ya ɗinka wa ɗana rigar makaranta."

Mabi-sawu ya dubi ƙofar. "Kin sani tun safe? Da kin faɗa, ai da ba a ɗauko miki ƙarfe ba."

"Wanda aka taɓa nuna ƙofarsa ba ya nuna ta wani."

 Tambayar nan tasa ta dawo ta zauna masa a ƙirji, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Ya ce, "Sai an jima, Iya," ya juya zai nemi mai daro.

"Tsaya. Tun safe kake rana, ba wanda ya ba ka ruwa. Ja da baya kaɗan."

Ya ja da baya. Ya ji an zare sakata. Ƙofar ta yi ƙara, ta taho waje a hankali tana jan ƙafarta, kusurwarta ta nitse cikin laka, ta bi lanƙwasarta, ta bi ta kan takun ta shafe shi kamar ba a taɓa yin sa ba. Mabi-sawu bai ɗaga kai ya leƙa cikin gidan ba. Ƙasa yake kallo, da wasu ƙananan ƙafafu tsofaffi da suka tsaya a bakin ƙofar, kyanwa na shafa su.

"Ba ni da takarda," in ji shi.

"Na sani," in ji ta. "Shigo."